Daga karan sigari zuwa burodi: yadda jihohin Amurka ke riga gwamnatin tarayya yin doka

Akwai wani mai tebur a bakin layinmu, gefen mai shayi yake, ya jera alawa da cingam da ashana da kwalayen sigari a buɗe, kara ɗaya-ɗaya yake sayarwa, kuma sau tari yaro ne ɗan shekara takwas ko tara zai zo da kuɗi dunƙule a hannu yace yayansa ne ya aiko shi, a zaro masa kara biyu ya juya da gudu. Toh duka biyun nan doka ta hana. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma ce sai dai a sayar da kwali mai kara 20 a rufe, ba a ɓare ba. Shekara goma kenan da wani abu, kuma na tabbata mai teburin nan bai taɓa jin labarin dokar ba balle wani ya zo ya ce masa kanzil.

Shi ya sa duk lokacin da na bi labarin yadda jihohin Amurka ke fafatawa da kamfanonin taba da na abinci sai hankalina ya dawo kan teburin nan. Ba wai don su mala'iku bane, zaku ga nasu shirmen a gaba, sai don tsarinmu nasu muka kwafo, tarayya da jihohi da majalisu, amma yadda jiha ke amfani da ikonta a can da yadda take yi a nan kamar ba abu ɗaya ba.

Abun da mutane da yawa basu sani ba shine a Amurka lafiyar jama'a asalinta hurumin jiha ne. Gyara na 10 na kundin tsarin mulkinsu yace duk ikon da ba a bai wa tarayya ba na jihohi ne, kuma tun 1905 kotun ƙolinsu ta tabbatar a wata shari'a daga jihar Masachusets cewa jiha na da ikon tilasta allurar rigakafi don kare jama'a. Hukumar FDA, wadda ita ce kamar NAFDAC ɗinsu, bata samu ikon kula da taba ba sai 2009, sigarin lantarki kuwa sai 2016 ta jawo shi ƙarƙashinta. Kafin nan yawancin abun da aka yi wa kamfanonin taba mai zafi daga jihohi ya fito. Mafi girma shine sulhun 1998, lokacin da jihohi 46 suka haɗa kai suka matsa wa manyan kamfanonin sigari lamba har suka yarda zasu biya dala biliyan 206 cikin shekara 25, su kuma daina tallan allon kan titi da zanen katun da ke jan yara. Hujjar jihohin mai sauƙi ce, mu ke biyan kuɗin asibitin talakawan da sigarinku ya kwantar, ku dawo mana da kuɗinmu. A nan ma fa an gwada irinta, a 2007 jihohin Legas da Kano da Gombe sun kai kamfanonin taba ƙara da irin wannan hujja, sai dai shari'ar ta yi ta jan ƙafa a kotu bata haifar da komai irin na can ba.

Kuɗin sulhun nan kuma kada ku ɗauka an zuba su a yaƙi da sigari. Mafi yawa cike giɓin kasafi aka yi da su, tituna da albashi da biyan bashi, abun da jihohin ke kashewa kan hana shan taba da taimakon masu son dainawa bai kai kashi 5 cikin 100 na abun da suke samu daga harajin taba da kuɗin sulhun ba. Ɗan siyasa dai ɗan siyasa ne ko a ina yake.

Yanzu ku dubi yadda maganar shekaru ta faro, don ita ce ta fi nuna yadda abun ke tafiya. Wani ɗan ƙaramin gari a Masachusets mai suna Needham ne ya fara cewa a 2005 ba za a sayar wa kowa sigari ba sai ya kai 21. Ba jiha ba ma, gari. Aka yi ta yi musu dariya ana cewa ai yara zasu tsallaka garin gaba su saya. Amma lissafin da ke ƙarƙashin dokar yana da ma'ana, yaro ɗan 15 ba a shago yake samun sigari ba, wajen ɗan 18 da suke makaranta ɗaya yake samu, idan ka ɗaga shekarun zuwa 21 ka fitar da mai sayowar daga cikin sakandare gaba ɗaya. Garuruwa suka yi ta kwafa, jihar Hawai ta zama ta farko da ta mayar da shi dokar jiha daga 1 ga Janairun 2016, Kalifoniya ta biyo a shekarar, kafin ka ce kwabo jihohi kusan 20 sun yi, sannan ne a Disamban 2019 majalisar tarayya ta yi nata Trump ya sa hannu ya zama dokar ƙasa. Shekara 14 daga ɗan garin nan zuwa Washinton. A lokacin da tarayya ta shigo kamfanonin da kansu sun riga sun ce sun goyi baya, ba don Allah ba, gara musu doka ɗaya da guda hamsin, kuma suna fatan hakan ya kawar da ido daga maganar da ta fi tsone musu ido, wato ɗanɗano.

Nan ne sigarin lantarki ya shigo. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan abu ne kamar biro ko filash, da batir a ciki da wata 'yar waya da ke zafi ta mayar da ruwan nikotin tururi, ba wuta ba toka ba warin da uwa zata ji a riga. Wani mai haɗa magunguna ɗan Chana mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003, amma wani samfuri mai suna Juul da ya fito a 2015 shi ya birkita Amurka, don sun yi amfani da wani nau'in nikotin da baya shaƙe maƙogwaro, yaron da bai taɓa shan komai ba zai zuƙa bai yi tari ba, kuma ɗan kwanson ruwa ɗaya nikotin ɗinsa ya kai kusan na kwalin sigari guda. Aka sa masa ɗanɗanon mangwaro da na'ana'a da su kirim. Zuwa 2019 kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare a Amurka suna zuƙa, yara sama da miliyan 5 idan an haɗa da ƙananan aji, a ƙasar da ta shafe shekara hamsin tana rage masu shan sigari daga kashi 42 na manya a 1965 zuwa kusan 14 a 2019.

Sai kuma a tsakiyar 2019 wata cutar huhu ta ɓulla, matasa lafiyayyu ana kai su asibiti numfashi na gagararsu, zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, 68 sun mutu. Gwamnoni suka rikice, wasu suka hana masu ɗanɗano nan take, na Masachusets ya dakatar da sayar da sigarin lantarki kacokan na wasu watanni. Amma ga inda abun yake da ɗaure kai, da bincike ya kammala sai aka gano yawanci ba nikotin na shago bane ya jawo, ruwan wiwi ne na bayan fage da ake sirka shi da wani mai na bitamin E don ya yi kauri a ci riba. Wato cutar daga kasuwar da doka bata gani ta fito, amma dokokin da aka yi saboda tsoronta kan kasuwar fili suka faɗa. Ni dai ina ganin dokokin ɗanɗanon suna da hujjarsu ko ba cutar, amma gaskiya ba hujjar ce ta tura 'yan majalisa ba, hoton yaro a gadon asibiti da roba a hanci ne.

Masachusets ce ta fara hana duk wata taba mai ɗanɗano har da sigari mai mantol, wato mai sanyin na'ana'a, aka sa hannu a Nuwamban 2019 ta fara aiki gaba ɗaya a Yunin 2020. Kalifoniya ta yi tata a 2020, kamfanonin taba suka zuba kuɗi suka tara sa hannun jama'a aka dakatar da dokar sai an yi ƙuri'ar raba gardama, aka yi a Nuwamban 2022 kusan kashi 63 suka ce a hana, kamfanin R.J. Reynolds ya garzaya kotun ƙoli ta ƙi tsayar da dokar. Sun sha kaye amma sun ci ribar shekara biyu suna ciniki, kuma dama abun da suke nema kenan. Wani abun dariya a dokar Kalifoniya shine ta tsame shisha, masu shagunan shisha, yawancinsu 'yan asalin Gabas ta Tsakiya da Armeniya, suka je majalisa suka ce wannan al'adarmu ce aka ƙyale su, alhali shisha kusan duk ɗanɗano ce. Mu kuma a nan shishar ce aka fi ɗaga wa murya, ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana taba mai ɗanɗano har da shisha a 2018, a Kano ma an sha sanarwa da kai samame gidajen shisha, amma ku zaga da daddare ku gani.

Maganar mantol kuwa tafi kowacce sarƙaƙiya don ta haɗu da launin fata. Kusan kashi 85 na baƙaƙen fata masu shan sigari a Amurka mai mantol suke sha, kuma ba haka kawai ya faru ba, shekaru aka yi ana tallata shi a unguwanninsu da mujallunsu. Dokar tarayya ta 2009 ta hana ɗanɗano a sigari amma ta bar mantol. Gwamnatin Biden ta yi alƙawarin hanawa, ta yi ta ɗagawa saboda tsoron zaɓe, wasu na cewa hanawar zata ceci dubban rayuka wasu na cewa zata ƙara bai wa 'yan sanda dalilin tare baƙar fata a titi, ƙarshe a Janairun 2025 aka janye maganar gaba ɗaya. Sai ya zama wanda ke Boston, babban birnin Masachusets, ba zai samu mantol a shago ba, wanda ke jihar gaba yana samu.

Kuma nan ne raunin dokar jiha yake, iyaka. Jihar Niyu Hamsha na maƙwabtaka da Masachusets, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Boston, da dokar ta fara aiki cinikin sigari ya faɗi a Masachusets ya tashi a shagunan bakin iyaka na Niyu Hamsha. Masu adawa suka ce kun gani ko, kun yi asarar haraji a banza. Masu goyon baya suka ce a haɗa lissafin yankin duka a gani, kuma yaro ɗan 14 bashi da mota. Dukansu suna da gaskiya ta wani ɓangare. Haraji ma haka yake, Niyu Yok na karɓar dala 5.35 a kan kowane kwali, Mizuri santi 17 kacal, shi ya sa fasa-ƙwaurin sigari daga jihohi masu arha irin su Bajiniya zuwa birnin Niyu Yok ya zama sana'a. Duk wanda ya san yadda shinkafa da fetur suka yi ta ratsa iyakar Jibiya da Maraɗi baya buƙatar a yi masa bayani, duk inda farashi ya bambanta tsakanin gari biyu wani zai sayi mota.

Duk da fasa-ƙwaurin, haraji ne makamin da ya fi kowanne aiki, kuma shi ne wanda ba a cika yi masa biki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace idan farashi ya ƙaru da kashi 10 shan sigari na raguwa da kusan kashi 4 a ƙasashe masu arziki, kusan 5 a matalauta, kuma yara da masu ƙaramin ƙarfi su suka fi saurin ja da baya. Haraji baya buƙatar ɗan sanda a kowane tebur, a masana'anta ko wajen dila ake karɓa. Kuma nan ne sayar da kara ɗaya ke ɓata lissafi, don ko kwali ya yi tsada idan ana ɓarewa yaro mai canjin kuɗin tara zai iya saya. Dokar kwali a rufe da harajin tare suke aiki, idan ɗaya ta kwanta ɗayar gurguwa ce.

Akwai wata gardama da ya kamata a faɗe ta tsakani da Allah. Masana lafiya da kansu sun rabu kan sigarin lantarki. Ingila ta ɗauke shi a matsayin hanyar raba manya da sigari, hukumar lafiyarsu ta taɓa cewa a 2015 illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95, adadin da wasu masanan suka ce an yi gaggawar faɗinsa. Abun da ke kashe mai shan sigari yawanci hayaƙin ƙonewa ne da kwaltar da ke ciki, nikotin shi ne ƙugiyar da ke riƙe mutum, kuma sigari na kashe mutum kusan 480,000 duk shekara a Amurka kaɗai. Don haka idan dattijo ɗan 50 da ya shekara 30 yana busa kwali a rana ya koma na lantarki an ci riba, idan kuma yarinya 'yar 15 da bata taɓa shan komai ba ta fara an yi asara, kuma doka ɗaya ce zata hau kansu su biyun. Wata mai bincike a jami'ar Yale ta fitar da nazari a 2021 cewa bayan birnin San Faransisko ya hana ɗanɗano shan sigari na gargajiya ya ƙaru tsakanin ɗalibai, wasu suka soki lissafinta suka ce lokacin da aka tattara bayanan ba a fara aiwatar da dokar sosai ba. Har yau ana ja. Ra'ayina dai jihar da ta hana mai ɗanɗanon mangwaro ta bar sigari mai mantol a kan kanta ta yi aikin baban giwa, gara irin na Masachusets da ta haɗa su duka.

Sannan kasuwa tafi doka gudu. A farkon 2020 FDA ta hana masu ɗanɗano irin na Juul da ake canza wa kwanso, amma ta manta da na yarwa, wanda in ya ƙare a jefar. Cikin 'yan watanni kasuwa ta cika da na yarwa daga Shenzhen ta Chana, su Elf Bar, masu ɗanɗano kala-kala, yau a kama wannan suna gobe ya dawo da wani. Cikin miliyoyin takardun neman izini da aka kai wa FDA, zuwa 2024 guda 34 kacal ta amince da su, duk na ɗanɗanon taba ko mantol, ma'ana akasarin abun da ke kan kanta a shagunan Amurka ba shi da izini. Sai jihohi irin su Alabama da Luwiziyana da Okalahoma suka fito da dabarar rajista, duk abun da baya cikin jerin jiha ba a sayarwa. Kallon farko abun yabo ne, amma ku tambayi waye ke tura waɗannan dokokin a majalisu, manyan kamfanonin sigari ne, don nasu kayan ne ke da izini, na ƙananan abokan gasa ne za a kwashe. Juul kam ya sha tara, dala miliyan 438.5 ga jihohi sama da 30 a 2022, wasu miliyan 462 ga wasu jihohi shida da birnin Washinton a 2023. Yawan yaran da ke zuƙa ya sauko zuwa miliyan 1.63 a 2024, kowa kuma na cewa dokarsa ce ta yi aiki.

Bari mu koma abinci, don a nan ne labarin ya juya mana ta inda ba a zata ba. A Oktoban 2023 gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta hana sinadarai huɗu a abinci daga 1 ga Janairun 2027, cikinsu akwai wani jan launi da ake kira Ja mai lamba 3, da wani mai da ake sa wa lemon kwalba, da kuma bromet na burodi. Eh, bromet ɗin nan dai da NAFDAC ta hana tun zamanin Dora Akunyili a farkon shekarun 2000, wanda Ingila ta hana tun 1990, har yau tarayyar Amurka bata hana shi ba, roƙon masu gidan burodi kawai take su bari don kansu. A takarda mun riga Amurka da shekara ashirin. Amma duk mai sayen burodi ya san irin wanda zaka ga ya kumbura ƙato kamar filo, fari tas, ka matsa shi da hannu ɗaya ya koma kamar soso, aikin bromet kenan, yana ƙarfafa ƙullun ya riƙe iska don fulawa kaɗan ta ba da burodi babba, kuma masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna burodin kasuwa suna samun sa a ciki. A ɓeraye an ga yana jawo kansar ƙoda, shi ya sa aka sa shi a jerin abubuwan da ake zargi ga ɗan Adam.

Labarin jan launin nan shi ya fi nuna sanyin jikin tarayya. Tun 1990 FDA ta hana sa shi a kayan kwalliya saboda ya jawo kansa a ɓeraye, amma ta bar shi a alawar yara, wato ba za a shafa a leɓe ba amma za a haɗiye, alhali akwai dokarsu tun 1958 da tace duk abun da ya jawo kansa ga mutum ko dabba ba a sa shi a abinci. Shekara 35 ana haka. Kalifoniya na yin doka, cikin wata 15 FDA ta hana shi a Janairun 2025, man lemon ma ta soke izininsa a 2024. Dalili ba ɓoyayye bane, Kalifoniya mutum kusan miliyan 39 ne, ba kamfanin da zai yi alawa iri biyu, ɗaya ta Kalifoniya ɗaya ta sauran ƙasa, sai kawai ya canza duka. Jiha mai babbar kasuwa idan ta yi doka ta yi wa ƙasa ne. Kuma ku lura sun ba da wa'adin sama da shekara uku, rana takamaimai, da tara a rubuce, ba wai a wayi gari a ji a rediyo an hana ba.

Abun mamaki kuma yanzu ba jihohin 'yan Dimokurat kaɗai ke yi ba. Tunda Robert F. Kennedy ƙarami ya zama ministan lafiya a 2025 da yaƙinsa kan launukan roba a abinci, jihohin 'yan Rifablikan da a da ko kalmar ƙa'ida basa son ji suka shigo, Bajiniya ta Yamma ta hana launuka bakwai a Maris 2025, ta fara da abincin makarantu, Teksas ta yi dokar manna gargaɗi a kan kayan da ke ɗauke da sinadarai sama da 40. Wasu cikin sinadaran hujjar illarsu tana da ƙarfi, wasu kuma rauni gareta sosai, an dai haɗa su a buhu ɗaya.

Kuma mutanen nan da ke tsoron launin alawa su ne dai ke fafutukar a halatta ɗanyar madara wadda ba a dafa ba. Tarayya ta hana ratsa iyakar jiha da ita don sayarwa tun 1987, amma cikin jiha kowa da dokarsa, Kalifoniya na bari a sayar a shago, Ayowa ta halatta sayarwa daga gona a 2023, wasu sun hana. Wannan fa a lokacin da murar tsuntsaye ta shiga shanun madara a Amurka tun Maris 2024 ana samun ƙwayar a ɗanyar madara. A nan ne nake ganin an kifa hankali, don launin roba idan ma zai yi illa sai an shekara ana ci, ƙwayar cuta a madara kuwa cikin 'yan kwanaki zata iya lalata ƙodar yaro. A Amurka ana ƙiyasin mutum miliyan 48 ke kamuwa da ciwo daga abinci duk shekara, 128,000 su kwanta asibiti, 3,000 su mutu, kuma ƙwayoyin cuta ne ke yin wannan ɓarnar ba launi ba. Zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 ya isa ya kashe su a madara. Matan Fulani masu kindirmo da ke tafasa madara kafin su zuba a ƙwarya ta kwana, ko basu san sunan tarin fukan shanu da bakkale a turance ba, sun fi wasu 'yan majalisar Amurka fahimtar wannan.

Mu a nan wanda ya fi kama da wannan haɗari na gaggawa shine abun da ya faru a Kano a 2021, lokacin da aka sha lemon da aka haɗa da wani sinadarin masana'anta da aka sayar a matsayin ɗan tsami, ɗaruruwa suka kwanta asibiti wasu na fitsarin jini, gwamnatin jiha ta ce mutum 10 sun rasu. Ga wake da ake zuba wa fiya-fiya don ƙwari, wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu tun 2015, ga ayaba da mangwaro da ake nunarwa da kabaid na masu walda. Duk lokacin da irin haka ta faru NAFDAC ake kira, kamar ita kaɗai ke da hurumi. Alhali ku buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ku gani, kasuwanni da mahauta da gidajen abinci da gidajen burodi da shaguna da tebura duk an rubuta kula da su aikin ƙaramar hukuma ne, kuma majalisar jiha ce ke tsara mata yadda zata yi. Legas ta yi amfani da irin wannan dama a 2014 ta yi dokarta ta hana shan sigari a wuraren taruwar jama'a. Iyayenmu har yanzu suna ba da labarin duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa ya duba rariya, mahauci ya ga inuwarsa gabansa ya faɗi. Ikon nan ba a soke shi ba, ma'aikatan ma suna nan a sakatariyar ƙananan hukumomi, abun awo da babur da mai ne babu.

Can Masachusets ɗin dai wani garin, Brookline, ya sake fito da wata sabuwa, duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2000 ba za a taɓa sayar masa da taba a garin ba ko ya kai shekara 60. Masu shaguna suka kai ƙara, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da dokar a Maris 2024, wasu garuruwan maƙwabta suka fara kwafa. Niyu Zilan ta yi irinta a matakin ƙasa a 2022, sabuwar gwamnati ta zo ta soke a 2024 tun bata fara aiki ba, kuma cikin dalilan da suka bayar har da kuɗin harajin da za a rasa. Ingila ta ɗauki tata da shekarar 2009 a matsayin iyaka. A Brookline yanzu haka mai shago katin shaida yake karɓa ya duba shekarar haihuwa, wanda aka haifa a Disamban 1999 a miƙa masa, abokinsa da aka haifa bayan sati biyu a ce masa ya yi haƙuri, shi kuma ya hau jirgin ƙasa tasha biyu ya shiga Boston ya sayo.